Bajimin da Baffa Bai Gama Zanawa Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffana, ƙanen mahaifina, ya rasu a Garwa ranar wata Talata a tsakiyar bazara, bayan jinyar da ya ƙi yarda a kira ta jinya. Ina Ngawundere wurin aiki labarin ya same ni, ban riski jana'iza ba. Washegari da na sauka a ƙofar gida, rumfar zaman makoki ta cika maƙil, kuma tun kafin in shige ciki na fara jin maganganun da suka sa ni wannan rubutu.

"Bawan Allah mai haƙuri," in ji wani dattijo da ban taɓa ganinsa a gidan ba. Saura kaɗan in tsaya in tambaye shi ko gidan rasuwar ne ya ɓace masa. Baffa ba shi da haƙuri ko kaɗan. Mutumin da in ka ce masa "kusan ƙarfe biyu" sai ya tambaye ka kusan ta gaba ko kusan ta baya. Liman ya ce bai damu da duniya ba, wannan kam gaskiya ne, matarsa da muke kira Dada ita ce shaida, ita da ta gaji da roƙon a gyara rufin kicin. Tsofaffin ɗalibansa na lise, wato sakandare, sun zo da yawa, wasu da furfura, kowa yana cewa "Mesiye ya iya lissafi," daga nan kuma sai maganar ta ƙare musu. A cikin gida wata maƙwabciya ta riƙe hannuna ta ce, "Allah yaafo mo, Allah ya yafe masa. Har ya tsufa bai bar wasa da abin yaran nan ba."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai, domin na san haka yawancinsu za su riƙa tuna shi: tsoho a gindin darbejiya, tabarau a kan hanci, yana latsa wasan yara.

Abin yaran nan kalkuleta ce, irin mai faɗin fuska da ɗaliban lise ke zana layukan lissafi da ita. Shi kalkilatiris yake ce mata. Ba lissafi yake yi da ita ba, umarni yake rubuta mata da harshen da ƙwaƙwalwarta ke ji kai tsaye, wanda ake kira asambila. Yakan fara tsara umarnin a takarda, ya mai da kowane ɗaya lambobi biyu-biyu da kansa, sifiri zuwa tara da A zuwa F, sannan ya zauna ya latsa su ɗaya bayan ɗaya. Sama da shekara ashirin yana wannan. A cikinta akwai abin da ke nuna wa ɗalibi yadda layi ke lanƙwasa, akwai mai lissafin lokutan salla na Garwa, akwai wasan dara da babu wanda ya taɓa cinye shi a gidanmu. Kuma tasa tsohuwar ƙira ce, ba ta da rumbun ajiya. Duk abin da ke cikinta batir ne ke riƙe da shi: ƙanana guda huɗu, da wani ɗan mitsitsi mai kamar maɓallin riga da ke tsare ta kafin a canza manyan. Wuta ta yanke mata gaba ɗaya, shi ke nan, ta manta komai.

Don haka ko ruwa ban sha ba na tambayi Dada ina take. Ta nuna mini saman kantar ɗakinsa. Na ɗauko ta, na ji ta sakayau a hannuna, na juya bayanta na ga murfi a buɗe, babu batir ko ɗaya.

"Jiya ne jinina ya hau," in ji Dada. "Abin awon jinin babu pil, batirinsa ya ƙare. Ƙanwata ta ce ai ga wasu nan a cikin wannan, mai ita ba ya nan."

Me zan ce wa matar da ta kwana ɗaya da rasa miji? Na yafa gyale na fita a guje zuwa kantin bakin titi, masu zaman makoki suna bi na da kallo. Na dawo na zuba mata sababbi, na latsa. Fuskarta ta kawo, komai yana nan. Ɗan mitsitsin batirin nan, wanda Allah kaɗai ya san shekarunsa, shi ya riƙe aikin Baffa kwana guda cur. Na zauna a bakin gadonsa na yi kukan da ban yi a mota ba. Da na gama, sai haushinsa ya dawo mini sabo fil.

Domin babu kwafin komai a ko'ina, kuma laifinsa ne. Ramin da ake sa wa kebul a kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta ya lalace tun da daɗewa. Na ce a kai wa masu gyaran waya, ya ce yaran da ke gyara da ƙarfi ba za su taɓa masa kalkilatiris ba. Na sayo masa sabuwa mai rumbun ajiya, ya ba wa wata ɗalibarsa. Takardun da yake tsara umarnin a kai kuwa, bayan takardun jarrabawa ne, in ya gama sai ya tattara ya ba wani ɗan'uwanmu mai tsire ya naɗe nama. Rabin Garwa sun ci tsire a cikin aikin Baffa. In na yi magana sai ya taɓa goshinsa ya ce, "Yana nan, Uwata." Sunan kakarmu na ci, shi ya sa shi da Baba suke kira na haka. To, ga shi goshin yana maƙabarta.

Shi ya koya mini wannan sana'a, da ita nake ci yau, amma ba zan yi ƙarya in ce da daɗi na koya ba. Kalkuletar tana da wani harshe mai sauƙi da ɗalibai ke amfani da shi, abin da zai ci maka layi ɗari a asambila sai ka gama shi a layi uku. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu yi da shi ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wancan ai tafinta ne. Kina so ki yi magana da uwarki, sai ki nemo tafinta ya tsaya a tsakaninku?"

Ƙwaƙwalwar na'urar tana da 'yan wuraren riƙe lamba da ba su kai yatsun hannu ba, shi aljihu yake ce musu. Ranar da na fara share aljihu ɗaya da umarni mai lamba biyu, alhali akwai mai lamba ɗaya da ke yin aikin, ya yini bai yi mini magana ba. Da la'asar ya ce wa Dada, ina zaune, "'Yar Yaya almubazzara ce." Lamba ɗaya tak. Mutumin nan da ke barin famfo a buɗe ya tafi makaranta.

Abin da ya fi tsananta a kai shi ne tari. In aljihu sun cika, akwai wurin da ake jibge lambobi a kan juna kamar kwanoni, na ƙarshen ajiyewa shi ne na farkon ɗauka. A nan kuma na'urar ke ajiye adireshin da za ta koma in ta gama aikinka. In ka ajiye abu a kan tarin ka manta ba ka ɗauke ba, da ta zo komawa sai ta ɗauki abin naka a matsayin adireshi, ta faɗa inda ba a aike ta ba, ta haukace. Magani ɗaya ne, a cire batir duka, kuma komai ya tafi. Shi ya sa Baffa yake fara kowane aiki daga ƙarshe. Sai ya rubuta umarnin ɗauke abin da zai ajiye, ya rubuta C9, wato umarnin komawa, sannan ya hau sama ya fara ainihin aikin. Haka ya sa ni yi har na riƙa mafarkin C9.

Ban manta alherinsa ba, ko da yake shi ma a murtuke ya yi shi. Shekarar da na faɗi bak, jarrabawar kammala lise, ina zaune a wurinsa, kowa a gida yana ta ba ni haƙuri har na tsani fitowa tsakar gida. Baffa bai ce mini sannu ba. Ya shigo ɗakina ya ajiye mini kalkuletar, wani ɗigo yana tafiya a fuskarta yana ficewa ta gefe. Ya ce, "Ki sa shi ya tsaya in ya kai bango." Ya fita. Daminar nan gaba ɗaya ni da ɗigon nan muka yi ta. Ranar da ya tsaya na kai masa da murna, ya duba ya ce an yi ɓarnar lambobi, amma na ga ya shiga da ita ɗakin Dada yana nuna mata.

Sai rigimarsa da Baba. Mahaifina mahauci ne, kamar ubansu, da ido da tafin hannu yake sayen shanu. Baffa ne kaɗai ya bi boko a ɗakinsu. Wata shekara, ina 'yar lise, Baffa ya rubuta wani aiki da zai faɗi nauyin naman da dabba za ta bayar in an auna kewayen ƙirjinta da tsawon bayanta. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta san ninkawa ba, sai tarawa, don haka da hannunsa ya gina mata hanyar ninka lamba. Ya gwada a kan awakin gida da ragon layya, ya yi daidai. Ranar kasuwar Pitowa, garin da Baba ke zaune, ya bi shi wurin shanu, da tef ɗin tela a wuya. Baba yana cinikin wani jan bajimi mai ƙaho ɗaya a karkace. Baffa ya sa aka riƙe masa san, ya auna, dillalai da makiyaya suka kewaye shi, ya latsa.

Fuskar kalkuletar ta cika da baƙaƙen layuka, ta tsaya cak.

Daga baya ya gano dalili. A hanyar ninkawar akwai wani reshe da ba a bi sai lamba ta yi girma ta tumbatsa, kuma a reshen nan ya ajiye abu a tari bai ɗauke ba. Akuya ba ta taɓa kai shi can ba, sai bajimi. Amma a kasuwa wa zai saurari wannan? Aka yi ta dariya. Baba, maimakon ya rufa wa ƙanensa asiri, sai ya dafa gadon bayan san ya ce da ƙarfi, "Kilo ɗari uku. Malam, koma aji." A ranar Baffa ya cire batir da hannunsa, aikinsa na shekarun farko duka ya tafi. Tun daga ranar ne ya fara rubuta ƙarshe kafin farko.

Ba su yi gaba ba, kar a ce na ce. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna, Baba yana aiko masa da nama kowace salla. Amma Baffa bai sake taka kasuwar shanu ba, Baba kuma bai daina kiransa "Malam koma aji" a gaban mutane ba. Tsofaffi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka shekara ashirin suna gaisuwar baƙi saboda sa ɗaya da aka cinye tuntuni. Na yi magana har bakina ya gaji.

Ana gobe sadakar bakwai, da hantsi, ina duba jerin ayyukan da ke cikin kalkuletar, sai na ga wani da ban sani ba a can ƙasa. Sunansa YAYA. Sauran duk ya matse su yadda ba a iya karanta su a fuska, wannan kaɗai ke buɗe, lambobi tsirara, alamar bai gama ba. Dada ta ce a watannin jinya ya yi ta fama da shi, hannunsa na karkarwa, in ya yi kuskure ya goge ya sake. Kuskurena ɗaya, na faɗi sunan da ƙarfi, Baba kuwa yana zaune a bakin ƙofa.

"Nawa ne ke nan," in ji shi. "Kunna mini in gani."

Na ce, "Baba, bai gama ba. In akwai kuskure a ciki, na kunna, komai zai goge. Duk abin da ya yi tun ranar Pitowa."

"To ki duba ko akwai kuskuren."

Kamar abu mai sauƙi. Na yini ina bin lambobin nan da fensir. Na ɗauki hotonsu da waya, amma hoton wannan kaɗai zai tsira, sauran ayyukan ba a ganinsu balle a ɗauka. Ƙarshen yana nan lafiya, C9 da 'yan'uwansa, yadda ya saba. Amma a tsakiya akwai dogon jerin lambobi da na gane zane ne, kuma a cikin zane lamba tana iya kama da umarni alhali ɗigo ce kawai. Ban iya rantsewa inda umarni ya tsaya zane ya fara ba. Ga shi marar lafiya ne ya latsa su, da hannu mai rawa. Lamba ɗaya ta kauce, an gama.

Na ce wa Baba ya ba ni lokaci in tafi da ita Ngawundere, in nemi wanda zai gyara ramin kebul, in kwashe komai tukuna. Ya ce, "Baffanki ma lokaci ya ce a ba shi. Uwata, dubi ƙafafuna." Na duba, sun kumbura har ba sa shiga takalmi. Ya girmi Baffa da shekaru masu yawa. Ya ce jibi zai koma Pitowa, kuma bai san ko zai sake zuwa Garwa da ƙafarsa ba.

Na ji haushin su biyun a lokaci ɗaya, mai rai da mamaci. Ɗaya ya ƙi ajiye kwafi, ɗaya ya ƙi jira, ni kuma an bar ni a tsakiya da abin da ba zan iya mayarwa ba in ya tafi.

Bayan an watse daga sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, muka zauna a gindin darbejiyar, kusa da kujerar Baffa da ba wanda ya yarda ya zauna a kai. Dada tana daga bakin ƙofarta. Abin da na dogara da shi ɗaya ne: na san mutumin da ya yini bai yi mini magana ba saboda lamba ɗaya. In akwai wanda zai bi kowane reshe ya ɗauke abin da ya ajiye, ko da numfashinsa na ƙarshe ne, shi ne. Na yi bisimilla na latsa.

Fuskar ta yi fari. Sai ɗigo suka fara fitowa daga hagu, layi bayan layi: baki, kunne, ƙaho ɗaya a miƙe ɗaya a karkace, tozo, gadon baya, ƙafafun gaba. Daga nan zanen ya tsaya. Babu ƙafafun baya, babu wutsiya. Wurin da ake shigar da awo ma bai kai ga rubuta shi ba, sai ya dasa awon gwaji a ciki, kuma awon da ya dasa shi ne na jan bajimin Pitowa. Shekara ashirin yana riƙe da lambobin nan biyu a kansa. A ƙarƙashin san lamba ta fito: 243. Na latsa maɓalli, kalkuletar ta koma fuskarta ta kullum. Na buɗe jerin ayyuka na ga komai yana nan.

Baba ya karɓe ta ya ce in sake. Na sake. Ya kawo ta kusa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Ɗari biyu da arba'in da biyar sikelin mayanka ya ba ni," in ji shi a hankali. "Ba ɗari uku ba. Ban taɓa gaya masa ba."

Ya juya wajen kujerar, baki buɗe, har ya ce, "Kai, ashe da..." Sai ya tsaya. Ya sa hannun rigarsa ya rufe fuska. Dada ta shige ɗaki. Ni kuwa ban san ko kuka zan yi ko faɗa ba, domin kalma ɗaya daga bakin wannan, ko kwana ɗaya na sauke girman kai daga wancan, da a gaban juna aka yi wannan.

'Ya'yan Baffa sun ce ni ta dace da ita, in tafi da ita. Baba ya ce ai sunansa ne a ciki. Yanzu haka aikin Baffa na shekara ashirin yana aljihun wani tsohon mahauci a Pitowa, har yau babu kwafi, kuma ya hana ni kai ta gyara, wai yaran nan da ƙarfi suke gyara. Na koya masa canza batir ɗaya bayan ɗaya, na canza ɗan mitsitsin da kaina, na haɗa shi da Allah kar ya ba kowa aron pil. Duk ranar kasuwa sai ya kira ni ya ce ya kunna, san yana nan.

Da na je duba shi kwanan baya, na ce masa na gane yadda zanen yake, zan iya ƙarasa wa bajimin ƙafafunsa da wutsiya, aikin yini ɗaya ne. Ya mai da ita aljihu ya dafe.

"Bar shi haka, Uwata. In kin yi ɓarnar lamba, wa ya rage da zai yi miki faɗa?"

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa, ya haskaka makwancinsa. Mu kuma da ya bari da sa mai ƙafa biyu, Allah ya ba mu haƙurin da shi bai taɓa yi da mu ba.